Mai Tayil Ya Shiga Ajina

Gwaggo, ina bin filinki na jarida, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ranar Litinin, domin ran nan zan miƙa wata takarda, kuma har yanzu ban san abin da zan rubuta a ciki ba. Ba maganar aure ba ce, ba kuma rigimar dangi ba, amma ta hana ni sakat. Mijina kaɗai na faɗa wa, shi ma rabi na ba shi na ɓoye rabi.

Ni malamar lissafi ce a ƙaramar sakandare, shekara goma sha tara ina riƙe da alli. Yara suna kirana Jan Biro a bayan idona, na sani, kuma ban taɓa jin haushi ba, har ma wani daɗi nake ji. A farkon zangon nan shugabar makarantarmu ta karɓi wasu 'yan sa-kai, masu sana'o'i ne da suka haɗa ƙungiya suna zagaya makarantu ba a biyan su ko sisi. Suna koya wa yara tattalin kuɗi, da yadda ake fara sana'a, da irin ayyukan da ke jiran mutum idan ya gama karatu. Aka ba su awa ɗaya duk ranar Laraba. Da aka tashi yanka, sai aka yanko awar daga lokacin lissafi na 'yan aji uku, wato ajina, masu jarrabawar fita a bana. Na haɗiye abin, amma bai wuce mini ba.

Wata da ta yi ritaya daga banki ce ta fara zuwa, ta yi musu bayanin bambancin buƙata da sha'awa. Sai mai kantin magani, sai mai gyaran waya. Ni dai ina zama a bayan aji ina duba littattafai, ko kai ba na ɗagawa. A mako na huɗu sai ga wani mutum da tsohon keke, ya ɗauro tayil guda ɗaya a baya cikin tsumma kamar jariri. Dattijo ne gajere, hannayensa duk siminti ya ci su sun tsattsage. Aikinsa dasa tayil. Kafin a shiga aji na faɗa a ɗakin malamai cewa yau kuma mai siminti ne zai koya mana lissafi, aka yi dariya. Da bakina na faɗa, Gwaggo, ba zan ɓoye miki ba.

Bai taɓa allo ba. Ya ajiye tayil ɗin a tsakiyar aji, ya ciro tef ɗin awo daga aljihu, ya ce wa yaran daga yanzu su kamfani ne, an ba su aikin ɗakin nan, shi kuma shi ne mai ɗakin, kuma marowaci ne, duk wanda ya sa shi asarar tayil ɗaya zai kore shi. Kafin ki ce me, yara hamsin da huɗu sun ture kujeru gefe suna rarrafe a ƙasa. Waɗanda nake fama da su su buɗe littafi, su ne ke faɗa a kan wa zai riƙe bakin tef. Suka gano kowane layi zai ci tayil goma sha biyu da rabi, kuma layi goma sha shida ne. Ya ce to ai ba a sayar da rabin tayil a kasuwa, sai su ɗauka sha uku. Suka ninka, aka samu ɗari biyu da takwas. Ya ce madalla, a rubuta. Ni ma daga inda nake zaune na duba a kaina, na ga daidai ne.

Akwai wata yarinya a ajin, ƙawayenta suna ce mata Shiru-shiru. Ta maimaita aji ɗaya. Kusa da taga take zama, ba ta tambaya, ba ta amsawa, takardarta kullum ja ya fi baƙi yawa. A zangon da ya wuce, da hannuna na rubuta a takardar sakamakonta cewa ba ta da kan lissafi, iyaye su duba mata wata hanya. Ita ce ta ɗaga hannu. Ba ta ma ɗaga shi sosai ba, iyakarsa kunne. Mutumin nan ya gani, ya tsayar da hayaniya, ya taka har wurinta ya durƙusa don ya ji, saboda muryarta ba ta fita. Ta ce masa, rabin da aka yanke daga layin farko ina za a kai shi? Ai shi zai cike layi na biyu. Ke nan ɗari biyu cif ake buƙata, takwas ɗin nan cutar mai ɗaki za a yi.

Dattijon nan ya miƙe, ya ɗauki tef ɗinsa da hannu biyu ya miƙa mata, ya ce daga yau ita ce shugabar kamfani, shi kuma ya zama lebura. Yaran suka ɓarke da tafi, har malamin ajin maƙwabta ya leƙo. Daga nan ya ce musu tayil yana fashewa wurin yanka, don haka mai hankali yakan ƙara kashi goma cikin ɗari, nawa ke nan? Kashi cikin ɗarin nan mako uku na yi ina koyar da shi har muryata ta dishe. Kusan rabin ajin suka ce ashirin, baki ɗaya, ba biro ba takarda. Ya bi da su kan ladan aiki, da abin da ake warewa don sayen kayan aiki idan sun lalace, da dalilin da ya sa ba a cinye jari ko da yunwa ta zo. Ni kuwa biro ya faɗi daga hannuna ban ma sani ba, sai da wani yaro ya ɗauko mini.

Da aka tashi na bi shi inda ya jingina kekensa, na tambaye shi ko da gaske kuskure ya yi. Ya yi dariya ya ce shekara talatin yana wannan aiki, da haka yake ƙirga da tuni ya koma bara. Da gangan yake barin wannan ramin a duk ajin da ya shiga, don ya ga wa zai hango shi. Aji goma sha ɗaya ya shiga, ita ce ta farko. Ya ce shi a aji huɗu na firamare ya tsaya, shi ya sa ba ya zuwa kusa da allo, kada rubutunsa ya ba shi kunya a gaban malamai. Har haƙuri ya ba ni wai ya ɓata mini tsarin kujeru. Ni da na kira shi mai siminti. Ban san lokacin da na ce masa Baba ba.

Tun daga ranar yarinyar nan ta zama wata daban. Mahaifiyarta ta zo makaranta tana dariya tana share hawaye, ta ce ba abin da ba a auna ba a gidansu, daga ƙofa har tukunya. Har kakarta ta auna tana barcin rana, tsohuwar ta farka tana salati tana cewa tun ban mutu ba aka fara auna ni? Yanzu yarinyar takan tsaya a bakin ɗakin malamai da littafinta tana jirana da tambaya. Ina amsa mata, amma ba na iya haɗa ido da ita.

To ga inda gizo ke saƙar. Saura mako tara jarrabawa, kuma akwai darussa uku a manhaja da ban taɓa ba. Wasu iyaye sun kawo ƙara cewa karatu suka kawo 'ya'yansu ba kasuwa ba, wani uba ma ya ce ɗansa ya fara cewa makaranta ɓata lokaci ce tunda mai tayil bai gama ba ga shi yana ci da iyalinsa. Shugaba ta ce tunda lokacina ake ci, ni zan rubuta ra'ayina, a ci gaba ko a dakatar, kuma abin da na ce shi za ta bi. Idan na ce a dakatar, ina da hujjoji masu kyau, ba wanda zai zarge ni. Amma ni na san a ƙasan hujjojin akwai wani abu da ba shi da kyan gani. Ban taɓa ganin koyarwa irin ta mutumin nan ba, ina jin girmansa har cikin ƙashina, kuma duk Laraba in na ga yara suna leƙen taga suna jiran 'yan sa-kai sai wani abu ya tokare mini ƙirji. Ni ba wanda ya taɓa leƙen taga don ni. Ina ta tunanin yara nawa na rubuta wa irin waccan magana a shekara goma sha tara. Mijina ya ce in bi abin da zai kare mini sakamakon jarrabawa, domin shi za a tambaye ni. Wani lokaci kuma sai in ji kamar in ajiye allin gaba ɗaya. Me zan rubuta, Gwaggo? Kuma me zan ce wa yarinyar nan?

Taki,
Mai Jan Biro

*

'Yata Mai Jan Biro,

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma ni ma da na zo wurin ɗaga hannun nan sai da na koma na sake karanta wurin. Kin ga abin mamaki, kuma kin san kin gani. Malamai da yawa da suna can bayan aji suna duba littafi har a tashi.

Abin da ya tokare miki ƙirji kishi ne, mu kira shi da sunansa. Ba ya kashe mutum idan an gane shi, sai dai kada a ba shi biro ya rubuta wa shugaba takarda. Amma ki yi wa kanki adalci. Baƙo raɓa ne. Dattijon nan yana zuwa da darasi ɗaya da ya goge shi a aji goma sha ɗaya, ya yi awa guda ya hau kekensa. Ba ya duba littafi hamsin da huɗu, ba ya fama da wanda bai karya kumallo ba, ba a kiran sunansa idan sakamako ya fito. Kuma ki tambayi kanki, wa ya koya wa yarinyar nan cewa rabi da rabi ɗaya ne? Wa ya yi mako uku yana dishewa a kan kashi cikin ɗari har yara suka iya ba da amsa da ka? Ya zo ya tarar da itace a jere, ya ƙyasta ashana. Gwaninta ce babba, amma ba a kunna wuta a murhun da ba komai a ciki. Maganar ajiye alli kuwa, ki bar ta nan.

Mijinki da iyayen nan ma ba shirme suke faɗa ba. Jarrabawa gaskiya ce, kuma yaron da ya fara raina makaranta abin a tashi tsaye ne. Don haka ki rubuta a ci gaba, amma da sharaɗi. Awar Laraba ta riƙa zagayawa tsakanin darussa, kada lissafi kaɗai ya riƙa ɗaukar nauyin. Darussa ukun da suka rage miki, ki kai wa 'yan sa-kan, ki tambaye su a ina waɗannan ke fitowa a aikinsu. Zan yi mamaki idan mai tayil da mai kantin magani ba su cinye biyu daga ciki ba. Shi ya riƙe tef, ke ki riƙe allon da yake tsoro, kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ki roƙe shi kuma ya faɗa wa yaran da bakinsa abin da rashin gama karatu ya jawo masa, domin yaron can daga gare shi zai ji, ba daga gare ki ba. Iyayen da suka yi ƙara a gayyace su wata Laraba su zauna a baya, gani ya kori ji. Sannan kowane lokaci a samu malami a ajin tare da baƙi, kuma kada wata harkar saye da sayarwa ta shigo lokacin karatu.

Ita kuwa yarinyar, kada ki tara mata jama'a, kada kuma ki mai da ita abin nuni, mai kunya ce. In ta zo da littafinta, ki zaunar da ita, ki dube ta, ki ce abin da kika rubuta a kanta kuskure ne, kuma ke kika yi shi. Ki rubuta wa iyayenta hakan, ki sa hannu. Malamin da ya ce na yi kuskure girmansa ba ya raguwa. Na baya da suka wuce ba za ki iya kiran su su dawo ba, amma akwai hamsin da uku a gabanki yanzu, kuma ba mamaki akwai wani a cikinsu da hannunsa bai kai ko kunne ba tukuna.

Ki gaishe mini da Baba mai tayil, ki ce wata tsohuwa a jarida ta sara masa. Allah ya ba yaranki sa'ar jarrabawa, ya sanyaya miki zuciya, ya ƙara wa hannunki albarka.

Gwaggonki