A Dawo Mini Da Makullan Layinmu

Zuwa ga Alhaji Furodusa, mai shirin nan na ɓarayin kasuwa da ake saki kashi-kashi a waya.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran aiki. Na rubuto a bainar jama'a ne saboda wayarka ta koyi wani hali: da ta ga lambata sai ta shiga taro.

Ni ne Ado, wanda masu furfura suka sani da Ado Guduma. A zamanin finafinan kaset ni ke dirowa daga katanga in watsa 'yan daba, hulata ko karkacewa ba ta yi ba. Yau gwiwa ta ƙi, kwata ma sai na yi shawara kafin in tsallake. Ina zaune a Madabo, ina sayar da buhuna da igiya a 'yar rumfata wajen Ƙofar Dawanau. Nan ka same ni, ka durƙusa, ka ce ƙaramar fitowa ce, fuskata kawai kake so jama'a su tuna. Daɗin baki ya ci ni, ni da nake cin wasu da shi.

Na farko, Alhaji, ka ce babu halin kama wurin ɗauka, a yi a rumfata. Babu halin ɗinki, in fito da kayan jikina. Suna ma ba ka wahalar da kanka ba, ka bar ni Baba Ado. Sai yaronka mai kyamara ya hango damin makullai a jikin ƙusa, ya ce ga kayan aiki Allah ya kawo. To waɗannan makullan na mutane ne. A layinmu, wanda ya fi kowa sammako shi ake bar wa makullin ajiya: mai tafiya ƙauye, mai jinya, wanda za a sauke wa kaya da asuba. Tun ina da baƙin gashi suke rataye a wurina. Ba a biyana ko sisi, amma da su ake kirana Baba ba don tsufa kawai ba.

Na biyu, a kashi na takwas duniya ta ga Baba Ado, a rumfarsa, da rigarsa, ya zare makullan layi ya miƙa wa shugaban ɓarayi yana murmushi. A nan ka tsayar da shirin tun bayan ƙaramar Sallah, wai ana gyaran sauti. Na san gyaran. Kullum masu kallo suna zagina a ƙarƙashin bidiyon, kai kuma zagin nan ne cinikinka.

Kada ka ce mini ai kowa ya san fim ne. Sun sani sarai. Amma ɗan kasuwa ba ya jayayya, janye kayansa yake yi. Hajiya mai manja ta zo ta karɓi makullinta, wai za ta sa masa mai, har yau yana shan mai. Malam Ɗanlami mai tabarmi, abokin cin tuwona, ya sauya kwaɗo, ya ce tsohon ne ya yi tsatsa. Wani kuwa ya faɗa mini cikin raha cewa hannuna ya faɗa sosai a wajen miƙawar nan, kamar ba ranar na fara ba. Aka yi dariya, na taya su, na koma gida ban iya cin abinci ba. Yanzu makulli biyu suka rage a ƙusar, ɗaya ma nawa ne. Dattawan layi sun ce a zamansu na gaba za su duba wanda ya dace ya riƙe ajiya. Ka ji kalmar, wanda ya dace.

Na uku shi ne igiyar da ka ɗaure ni da ita. Ranar da muka ɗauki kashi na tara ka tara mu ka sa kowa ya rantse da Allah ba zai faɗi abin da ke ciki ba sai an saki. Na rantse. Ka kuma hana ni taɓa gemuna don kada fuska ta sauya kafin a ƙarasa, ga shi ya yi buzu-buzu, na zama ɓarawon fim ɗin ko ina masallaci. Ba na iya kare kaina, ba na iya sauya kama. Ba zan ce kashi na tara ya wanke ni ba, ba zan ce bai wanke ni ba. Mai hankali dai ya san ba a roƙon a saki abin da zai ƙara tona asiri.

Buƙatata ba kuɗi ba ce. Ka saki kashi na tara kafin dattawa su zauna. In ba za ka iya ba, ka zo layinmu da ƙafarka, kamar yadda ka zo neman fuskata, ka warware mini rantsuwar a gabansu.

In duk biyun sun yi maka nauyi, na riga na tambayi limamin unguwarmu. Ya ce kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ne. Shinkafa na gida, an auna, uwargida tana jiran in ce a ɗora. Ranar da aka sauke tukunyar nan zan hau kan buhunana in ba da labarin kashi na tara tun daga farko har ƙarshe, da murya da motsi, kyauta. Ka san har yanzu ina tara jama'a.

Allah ya ƙara maka buɗi, ya kare ka daga ranar da maƙwabcinka zai sauya kwaɗo saboda kai.

Wassalam.

Ado Guduma,
mai buhu da igiya, Ƙofar Dawanau.