Tuffar da Babu a Ƙamus

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Yau ma na riga kowa gamawa. Ko shayin Des bai huce ba na ajiye biro. Da biro nake cike gidajen wasan kalmomi masu gittawa, fensir na masu shakka ne, kuma da gangan nake buga shi a tebur don su ji. Glenys ta harare ni ta saman tabarau: "Ke dai Noeline, an yi asarar tarbiyya." Merv ya ce a ƙyale ni, tsufa ne. Mu huɗu ne, kowace Alhamis da hantsi, a shagon shayin bakin kogi a nan Huonville. Dokar teburinmu: ba waya, ba ƙamus, wanda ya gano amsa ya kama bakinsa sai an roƙe shi. Ni kuwa ba a taɓa jin na roƙi kowa ba.

Na yau mai jigo ne, sunayen tsuntsaye. Tun daga farko na shinshino shi. Wanda ya kitsa shi ya yi ganganci, ya cusa wata kalma a tambaya wadda ba ma'anar amsa ba ce, ba dabarar haruffa ba ce, don dai jimlarsa ta yi daɗi. Ni da Des muka yi masa kaca-kaca. A nan kaɗai muke shiri da Des.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Na gama kitsa nawa wasan. Nawa na kaina, na farko, don mujallar wata-wata ta ƙungiyarmu ta masu wasan kalmomi. Ba wanda ya sani.

Jigon: tuffa. Irin da mijina Wal ya noma a gonarmu har ya bar duniya. Sturmer, Democrat, Cleopatra, Geeveston Fanny da sauransu. Waɗannan ba su da tambaya, gidajensu kawai na bari. Sai mutum ya warware na kewaye, haruffa su gitta, jigon ya faɗo masa. A tsakiyar allon kuma na sa wadda Wal ya haɗa da hannunsa, ya yi shekaru yana aurar da reshe da reshe, ya sa mata sunana. Noeline. Bishiya ɗaya ce tak a duniya, ga ta can bayan kicin.

Don ita na yi wasan gaba ɗaya, in za a faɗi gaskiya.

Sunan ɓoye na zaɓi Zirnaƙo.

Talata, 20 ga Fabrairu

Editar mujalla ta amso daga Melbourne. Ta yaba. Amma ba a buga wasan kowa sai mai gwaji ya warware shi ya amince, kuma ta tura wa wanda ya fi kusa da ni. Duk faɗin ƙasar nan a rasa wanda za a ba sai Des Woolley.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Ya zo har gida, da hularsa a hannu kamar mai ta'aziyya. Na ba shi shayi, ban ba shi biskit ba.

Da farko ya ce sunan ɓoyen ya dace da mai shi. Sannan ya yi ta juya takarda, da ƙyar ya ce, "Tambayoyinki tsaf suke. Na nemi aibu na rasa." Des ne fa. Zan so a rubuta wannan a kabarina.

Sai ya ɗora yatsa a tsakiya.

"Wannan fa, a wane littafi zan same ta?"

Na ce ya leƙa taga, ga ta can da 'ya'ya.

"Ni na sani, na ci ta ya fi a ƙirga. Mutumin da ke Darwin fa? Ya hau jirgi ya zo bayan kicin ɗinki?"

Na ce haruffa na gittawa, mai kai zai gane. Ya ce zai gane sunan mace ne, ba zai iya tabbatar da tuffa ce ba, kuma kalmar jigo da ba ta da tambaya dole ta zama abin da kowa zai iya bincikowa. Kamar ban san dokar ba. Ni da na sha yi wa wasu tsiya a kanta.

Abin da ya fi ƙona ni, da ya miƙe zai tafi: "Mai kitsa wasa kokawa yake yi da mai warwarewa, Noeline, amma aikinsa ya bari a kayar da shi a ƙarshe. Ke so kike ki tsaya kowa yana ƙasa." Ya ce ba zai amince ba sai na cire.

Na ce ya ja mini ƙofa.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Na riga kowa. Ban kalli inda Des yake ba. Glenys ta ce, "Ku biyun nan lafiya? Ko soyayya ce ta tsufa?"

Laraba, 6 ga Maris

Edita ta ce ita ba ta tsallake mai gwaji. In ba mu daidaita kafin ƙarshen wata ba, gurbin ya tafi ga wani. Ko dai wasan ya fita babu tuffar Wal, ko kada ya fita sam.

To kada ya fita.

Lahadi, 17 ga Maris

Tuffar ta nuna. Na tsinko ta farko na ci a tsaye a gindin bishiyar, ruwan har haɓa.

Wal bai taɓa cike wasan kalmomi ba, ɓata biro yake kiransa. Amma ina tsaye a wurin sai na tuna shi a rumfar shirya kaya. Wasu manoman kan jera manya a saman akwati su ɓoye ƙanana a ƙasa. Shi kuwa in ya kama ɗan aiki ya yi haka, juye akwatin yake yi a sake daga farko. "Wanda zai buɗe shi a Ingila bai san fuskata ba," in ji shi, "shi ya sa ba zan cuce shi ba."

Ban ji daɗin wannan tunanin ba ko kaɗan. Mutum ya mutu amma bai daina goya wa Des baya ba.

Juma'a, 22 ga Maris

Na cire. Wata tuffa, Crofton, ta shiga gurbinta daidai, amma duk kalmomin da suka gitta ta sai da na rushe na sake gini, da sababbin tambayoyi. Kwana da kwanaki a baranda, takardu na tashi a iska. Na yi kuka sau ɗaya, na haushi ne.

Sabuwar tsakiyar ta fi tsohuwar kyau. Wannan ba zan faɗa wa kowa ba.

Des ya amince. Saƙonsa kalma biyu: "Ya yi."

Alhamis, 2 ga Mayu

Mujalla ta iso. Shafi na uku, Zirnaƙo. Sai da na shafa sunan da yatsa a bakin akwatin wasiƙa kamar wata yarinya.

Al'ada ce mai kitsa wasa ba ya bayyana kansa sai amsoshi sun fito wata mai zuwa, ko da a teburinsa ake warwarewa. Don haka na zauna da biro ina yi kamar ina tunani. Des ma haka, tunda ya riga ya sani. Ban taɓa shan wuya irin ta yau ba. Merv ya zagi Zirnaƙo tas, ya ce mugu ne, da gani bai da abokai. Ya maƙale a wata tambaya da na hautsina haruffa, ya yi ta tsaki, can sai ya fashe da dariya ya bugi tebur: "Kai, ɗan banza. Ya iya." Wani abu ya tsarga mini tun daga ƙafa har ka. Ashe haka ake ji.

Glenys ce ta gano jigon. Glenys, wadda tun da muka fara zama ba ta taɓa riga kowa komai ba. Ta toshe baki da hannu biyu saboda doka, idanunta kamar za su faɗo, har Merv ya ce, "To na roƙe ki, faɗi kafin ki shiƙe."

"Tuffa ne. Tuffanmu ne, Merv."

Daga nan suka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da labarinsa: gonar wane, shekarar ƙanƙara, wadda ake dafawa, wadda ake ajiyewa har sanyi. An kayar da ni warwas, ni kuwa ina ta cizon leɓe don kada murmushi ya tona ni.

Da suka cike gida na ƙarshe Glenys ta jingina, ta sake bin allon da ido, sai ta ɓata fuska.

"Wannan Zirnaƙon ba ɗan nan ba ne."

Merv ya ce don me.

"Ya jero tuffan kwarin nan kaf ya bar ta Wal. Ina Noeline?"

"Ai kuwa," in ji Merv. "Mutumin Sydney ne, a littafi ya karanto. Wanda ya taɓa sa ta a baki ba zai manta da ita ba."

Glenys ta dafa hannuna. "Kada ki damu, ƙawata, jahilci ne. Ni zan rubuta wa edita in gaya mata wadda ta fi duka ce aka tsallake."

Des ya kama tari, kunnuwansa jajir. Ni kuma na ce hasken rana a kan kogi ne ke dukan idona, na juya kujera. Shekara shida da rasuwar Wal, ban san suna riƙe da tuffarsa a rai ba.

Ban tona kaina ba. Doka doka ce.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na ajiye wa Des kwandon tuffa a ƙofar gida, sun yi mini yawa ne kawai. Na sa sabon wasan da na kitsa a ciki, jigon jiragen ruwa. In ya ga dama ya duba.

Yau Merv ya riga ni. Akwai wata tambaya a kusurwar ƙasa da ta ƙi ni, na ce wa Glenys ta ɗan nuna mini bakin zaren. Teburin ya yi tsit, har mai shago ta leƙo.

Ba roƙo ba ne. Tambaya ce kawai na yi.