Rahoton Ƙarfe Shida daga Dutsen Tarrabin

Cooma, 16 ga Yuni, 1986

Ƙanwata Lynette,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin dutse bai cinye miki yatsu ba. Ni dai ga ni a gidan Gwaggo Peg da gwiwa a ɗaure. Likita ya ce sai na yi sati takwas kafin in taka ba sanda.

Kullum ƙarfe shida na safe nakan buga lambar tarhon rahoton dusar ƙanƙara, in ji muryarki a inda tawa ta shekara goma sha bakwai. Ba laifi, kina ƙoƙari. Amma jiya me na ji? "Santimita goma sha biyu, gangaren ya daskare, masu koyon wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara su zauna gida." Wa ya koya miki wannan? Aikinmu mu kira mutane su hau dutse, ba mu kore su ba. Goma sha biyu ai ashirin ce in kin auna a bayan bishiyoyi, inda iska ke tara ta. Kuma ba a cewa ya daskare, cewa ake yana da sauri.

Aron kujera aka ba ki, kada ki miƙe ƙafa. Ki ba Col mai motar burodi amsa.

Yayarki,
Noreen

Dutsen Tarrabin, 19 ga Yuni

Noreen tawa,

Na ji daɗin takardarki, Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaida Gwaggo.

Na gwada cewa "yana da sauri", bakina ya ƙi. Abin da sandar awo ta nuna shi nake faɗa, ban iya wani ba. Abin mamaki, mutane sun so hakan! Wata malamar makaranta daga Sydney har kwalin cakulan ta aiko, wai na hana ta kwaso yara arba'in a banza. Ga rabi nan na ba Col, in bai cinye a hanya ba.

Akwai maganar da gara ki ji daga bakina. Mista Harnett, manajanmu, ya ce bayan hutun makarantu zai yanke wadda za ta riƙe rahoton a cikinmu. Na ce masa aikinki ne. Amma ba zan ɓoye miki ba, Nor, ina son fitar nan ta asuba, dutsen duka ba sawun kowa sai nawa.

Taki,
Lyn

Cooma, 24 ga Yuni

Lynette,

Na gaishe ki. Cakulan ya iso, Gwaggo ta cinye.

Shekara goma sha bakwai ina kutsawa cikin dusa har cinya, a can na bar gwiwata, ko kati ba wanda ya taɓa aiko min. Ke sati uku, har da kwali. Shekaranjiya a kantin magani wasu mata biyu suna bayana, ɗaya ta ce, "Kin ji sabuwar ta Tarrabin? Ita dai ba ta ƙarya." Ɗayar ta ce, "Ai tsohuwar, ko ruwa ake tafkawa cewa take a zo." Suka kwashe da dariya, ni kuwa ina tsaye da sanduna biyu kamar an dasa ni. Abin ya ci min rai, har yanzu yana ci.

Tun muna yara haka kike. Ni ke share hanya, ke ki bi a tafa miki.

Ki huta lafiya.
Noreen

Dutsen Tarrabin, 1 ga Yuli

Nor,

Ina gaisuwa. Takardarki ta sa ni kuka, amma mu ajiye wannan tukuna, taimakonki nake nema.

Asabar hutu ke farawa. Masu motocin haya na Sydney da Canberra duk rahoton safiyar Alhamis suke jira kafin su taso. Hadari na tafe, masu hasashen yanayi sun ce ko ruwa ko dusa, sun kasa tsayawa. In na ce a zo aka yi ruwa, na jiƙa yara dubu. In na ce kada a zo dusa ta sauka, Harnett zai ci ni ɗanya.

Ga abin da nake gani. Iska daga arewa take, da ɗumi, amma da yamma takan faɗi. Hankakin da ke bayan ɗakin girki duk sun gangara kwari tun jiya. Ni awo na iya, karatun sama naki ne. Kowa a nan ya san ko kin ƙara santimita, ba ki taɓa kuskuren hadari ba. Don Allah ki ba Col amsa gobe.

Lyn

Cooma, 2 ga Yuli

Lynette,

Gaisuwa. Ruwa ne. Ki ce su zauna gida.

Noreen

Dutsen Tarrabin, 7 ga Yuli

Yayata,

Da fatan gwiwa da sauƙi. Na san kin ji. Santimita saba'in cikin kwana biyu, busasshiya kamar gari, tsofaffin nan sun ce rabonsu da irinta shekara ashirin. Kujerun igiya masu kai mutane saman dutse suna ta zagayawa ba kowa a kai, motocin duk sun wuce wasu duwatsun.

Ban sani ba ko kin buga lambar ranar Alhamis. Maganar matan kantin nan ta tsaya min a rai, sai na so kowa ya san ko ke wace ce. Na ce, "Ruwa ne za a yi. Ba ni na faɗa ba, yayata Noreen Dwyer ce, wadda ta shekara goma sha bakwai ba hadarin da ya taɓa ruɗa ta." Kusan mutum dubu huɗu suka saurara.

Harnett bai jira ƙarshen hutu ba. Ya ce min, "Ke da yayarki ku je ku yi wa kaji hasashe." Ya ba wani mai koyar da zamiya rahoton. Ni an mayar da ni ɗakin hayar takalma, ke kuma ya ce ba sai kin dawo ba.

Ki yafe min, ni na jefa sunanki a ciki. Duk wanda ya yi miki dariya a mashaya sai na ce masa kowa na kuskure sau ɗaya. Kada ki sa abin a ranki.

Taki har kullum,
Lyn

Cooma, 9 ga Yuli

Lyn,

Na gaishe ki. Ranar Alhamis ban buga lambar ba, na kasa.

Ki daina kare ni a mashaya. Ban yi kuskure ba. Tun kafin in gama karanta takardarki na san dusa ce.

Noreen