Ƙarfen Baba da Awarwaron Mimidoo

Lafia, 4 ga Maris

Yaya Mahmuda,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Halimat da yara, kuma ciwon bayan ya yi sauƙi.

Allon girafait ɗin da ka aiko ya iso, na gode. Baƙi ne kamar bakin fensir, ba nauyi, sai ɓata hannu. Ka ce shi ya dace da farin gilashi, wai ƙarfe na barin tabo. Yaya, tun da ka koma Kaduna ka fara raina ƙarfen Baba, wanda ya yi shekara talatin yana danna narkakken gilashi da shi.

Maƙwabciyarmu Mimidoo ta kawo awarwaron marigayiya mahaifiyarta guda biyu, na farin gilashi, sun karye. Su kaɗai suka rage mata. Tana so in narka su in yi mata duwatsun wuya, fari da ratsin baƙi irin zanen ƙabilarsu ta Tibi, ta sa ranar aurenta. Aikin gado, kayan gado ya kamata.

Ƙaninka,
Zulkifilu

Lafia, 19 ga Maris

Yaya Mahmuda,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, ni dai jikina lafiya, zuciyata ce babu daɗi.

Na ɓata aikin. Ƙarfen ya daɗe a rataye, na goge shi sama-sama don ina ganin na san halinsa. Da ya yi zafi sai ya zubar da tsatsa cikin farin. A wuta ban gani ba, komai ja ne. Sai da duwatsun suka huce na ga ɗigo-ɗigon ƙasa-ƙasa can ciki, inda wanki ba ya kaiwa.

Daga baya na ɗauko allonka, na gwada da wani farin gilashi na shago. Sun fito tas. Ba zan ɓoye maka ba, na yi niyyar ba Mimidoo waɗannan in yi shiru. Da ta zo na kasa, na ajiye duka biyun, na faɗa mata gaskiya.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai ce mamarta ta yi shekara arba'in tana noman doya da awarwaron nan a hannu, ba su taɓa yin datti ba. Ta kwashi masu tabon, ta yi godiya. Da su aka ɗaura auren ranar Asabar.

Fararen suna nan kan tebur, ba mai su. Ka yafe mini gardamata.

Ƙaninka,
Zulkifilu