Na Dawo da Baba Gida

Zuwa ga Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ina fatan iyali duk suna lafiya.

Bayan haka, na ɗauko Baba daga asibitin Kano, yana gida Roni. Likita ya ce ciwon ya ci jikinsa, sai dai allurar rage zafi, kuma malamin asibitin garinmu zai iya yi masa.

Na san ka ce a bar shi can. Na yi ta saƙe-saƙe, ka san halina. Amma Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Habu, akwai waɗanda ban nemi gafararsu ba. Wa zai biyo ni Kano?"

Yanzu maƙwabta suna ta shigowa ana yafe wa juna. Har Malam Idi ya zo, wanda ba sa magana tun rikicin iyakar gona.

Ba zan mayar da Baba Kano ba, Yaya. In kuskure ne, nawa ne. Ka nemi hutu ka taho da wuri, ya ce saura kai.

A sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ku.

Ƙaninka,
Habu