Ni Ce Na Buɗe Musu Ƙofar Ɗakin Baba

Gyadi-Gyadi, Kano.

Zuwa ga Yaya Shamsuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal. Inna tana nan, sai ciwon ƙafar da ka sani. Na zaɓi rubutu ne domin a waya kuka yake cin ƙarfina. Na san Baffa Ashiru ya riga ni kiranka, kuma abin da ya faɗa maka gaskiya ne, Baba ne ya karya masa hannu. Sai dai bai faɗa maka wanda ya jawo ba. Ni ce.

Ka san tun da Baba ya bar aikin soja bayan shekarunsa a dajin Borno bai dawo daidai ba. Yau wata guda yana kwance a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa, inda nake karɓar horo. Malamarmu Dakta Olufunke tana bincike a kan tsofaffin sojoji irinsa, tana bin diddigin abin da ke tayar musu da ciwon, ni kuma nake riƙe mata littafin. Da hannuna na rubuta dokoki uku a kan Baba: kada a zo masa ta baya, kada a tare masa ƙofa, kada a wuce mutum biyu a ɗakin. Kuma wallahi ya fara samun sauƙi, har tsokanata yake wai shayina ruwan wanke kofi ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga dangi daga Darmanawa da Unguwar Gano sun zo dubiya, su goma sha ɗaya, da kwanukan abinci niƙi-niƙi. Na durƙusa na gaishe su, na ce bibbiyu za su shiga. Baffa ya dube ni sama da ƙasa, ya ce yaushe aka haife ni da zan shiga tsakaninsa da yayansa, wai farin kayan nan ne suka sa na manta ko ni wace ce. Kowa ya zuba mini ido. Kunya ta kama ni, Yaya, na buɗe musu.

Suka cika ɗakin maƙil, wani ya mai da ƙofa ya jingina da ita. Ina ganin idon Baba yana zuwa ƙofar yana dawowa. Sai Baffa ya zagaya ta bayan gadon ya dafa masa kai zai yi masa tofi. Kafin ka ce me, Baba ya cafke hannun ya murɗe, na ji ƙarar ƙashin kamar an karya busasshen ice. Ya maka shi da ƙasa, ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya shaƙe shi, yana ihun kowa ya kwanta an kewaye su. Gwaggo Asabe ta kama rigarsa, ya hankaɗe ta ta faɗa kan ƙarfen gado, goshinta ya tsage, jini ya gauraya da miyar da ta zube. Ni kuwa gwiwar hannunsa ce ta same ni a baki, leɓena ya fashe, haƙori ɗaya ya fita. Sai da ma'aikata huɗu suka taru a kansa kafin a yi masa allura, aka ɗaure shi a gado da ƙyalle. Idon Baffa ya riga ya juye lokacin da aka ɓamɓare yatsun Baba daga wuyansa.

Yanzu dangi sun zauna a gidan Baffa a Tarauni, sun yanke cewa asibiti ya gaza, a kai Baba wurin wani mai magani a ƙauye da yake sa mari yana dukan aljani da bulala. Yaya, ni nake wanke gyambon waɗanda ake dawo mana da su daga irin wuraren nan, wani har ƙashin idon sawunsa ake gani. Raina a ɓace yake, da su da ni kaina. Asibiti bai gaza ba, ni ce na karya doka. Dakta ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi in rubuta duk abin da ya faru a littafin, har da wanda ya buɗe ƙofa, na kuwa rubuta sunana. Kai ne babba, sunanka ne a takardar kwantar da shi, ba za a sallame shi ba sai da yardarka. Don girman Allah kada ka yarda, ko Baffa zai daina yi maka magana.

Jiya da safe na je kwance masa ƙyallen. Bai tuna komai ba. Ya ga bakina a kumbure, ya ce in faɗa masa wanda ya taɓa masa 'ya, yanzu ya ga bayansa. Na ce faɗuwa na yi. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ce in bar ɗaurin yadda yake.

Ka gaishe mini da Anti Mufida da su Muhsin. Inna tana gaishe ka, ta ce ita ma amsarka take jira. Allah ya ba Baba lafiya, ni kuma ya yafe mini.

Ƙanwarka,
Naja'atu