Injin Ƙwan Yaya Hamidu

Litinin, 3 ga Yuni, 1996
Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin Yaya Hamidu. Baƙi sun watse. Yaya Turai, matarsa, ta kira ni ɗakin da ya ajiye injin ƙyanƙyasar da ya haɗa kafin ciwon ya kwantar da shi. Ta ce, “Ɗantani, kai ne malamin lantarki. Ka tayar min da shi. Takaba nake, ba na fita, yara kuma sai sun ci.” Na ce to. Ban iya kallon ta ba.

Alhamis, 6 ga Yuni
Na kunna, ya tashi. Hita na ba da ɗumi, moto na karkata farantin ƙwai. Duk cif ɗaya ke tafiyar da su, wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki mai lamba 8751, kuma Yaya ne ya rubuta furogiram ɗin da ke ciki, wato umarnin da cif ɗin ke bi. Inna Tasalla ta rugar bayan Yako ta kawo ƙwan zabi cike da ƙwarya biyu, in an ƙyanƙyashe a raba. Ta ce, “Na hana kajina kwanci saboda marigayi ya ce ƙarfensa ya fi su.” Ta yi dariya, sai kuma ta rufe fuska da gyale.

Juma'a, 14 ga Yuni
Ƙwan sun dahu. Dukkansu.
Daga masallaci na dawo na tarar da Yaya Turai tsaye a ƙofar ɗakin, ta ce akwatin ba ya taɓuwa don zafi. Katakon faranti ya kumbura da damshin damina, ya maƙale a tsakiya. Hita kuma a kunne, ba wanda ya san tun yaushe.

Asabar, 15 ga Yuni
Na hau babur zuwa ruga. Inna Tasalla ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, “Allah ya sa haka ya fi alheri.” Ta dama min fura. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Talata, 18 ga Yuni
Bayan an tashi ɗalibai na zauna a kwamfutar makaranta na buɗe furogiram ɗin. Na gano abin, kuma da ma ban gano ba.

Agogo biyu ne a cikin cif ɗin. Kowanne in lokacinsa ya cika sai ya katse aikin da ake yi, a biya masa buƙata, a koma. Na farko na juya ƙwai ne, na biyu na duba zafi. Yaya ya bar su a matsayi ɗaya, ba wanda zai iya katse ɗan'uwansa. Sannan a cikin katsewar na farkon ya sa cif ya tsaya yana jira har faranti ya kai ƙarshe. Faranti bai kai ba. Cif ya yi ta jira. Na zafi yana ta bugawa, ba a saurare shi ba.

Shi da kansa ya koya min cewa ba a jira a cikin katsewa. Lokacin da ya rubuta wannan, ciwon kai ya riga ya fara hana shi gani sosai. Yana aiki yana dafe goshi, yana ce mana gajiya ce. Ashe tun lokacin ciwon ya kama shi.

Laraba, 19 ga Yuni
Yaya Turai ta tambaye ni, “Laifin wa?” Na ce na katako. Ta ce, “Ka gyara ko na waye.”

Alhamis, 20 ga Yuni
Na sake rubutawa. Na ɗaga agogon zafi sama, ya katse kowa, kada kowa ya katse shi. Na juya ƙwai kuma alama kawai zai ɗaga ya fita, babban aikin furogiram ya juya faranti in ya samu sarari. In faranti ya daɗe bai kai ba, a kashe moto, ƙararrawa ta yi kuka.

Amma cif ɗin guda ɗaya ne, sai an goge na ciki kafin a zuba sabo. A bayansa akwai ɗan gilashi da Yaya ya liƙe da salatif, ya rubuta H.B. da biro. Na ɓare. Na sa shi ƙarƙashin fitilar gogewa na fita waje, don kada malamai su ga idona. Da na dawo babu komai a ciki. Aikinsa na ƙarshe ke nan.

Asabar, 22 ga Yuni
Na kankare katakon. Na riƙe faranti da hannu da gangan, ƙararrawa ta yi kuka, hita ta mutu a kan lokaci.
Inna Tasalla ta sake zuwa da ƙwarya ɗaya, ba wanda ya aika mata. “Sauran ke nan na bana. Kada ka zo min gida da wannan fuskar kuma.”

Lahadi, 7 ga Yuli
Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙararrawa sau ɗaya. Zafi daidai.

Juma'a, 19 ga Yuli
'Yan zabin sun fara fasowa da hantsi. Ƙanana, masu zane a ka, jiƙe sharkaf. Yara sun cika ɗakin da ihu. Yaya Turai ta ɗauki ɗaya a tafin hannu ta ce, “Marigayi bai ga ko ɗaya ba.” Ni dai na tsaya ina duba ma'aunin zafi, alhali babu abin dubawa.

Lahadi, 28 ga Yuli
Wani Maikano daga Doguwa ya ji labari a kasuwa, ya zo har gida yana so a haɗa masa irin injin. Na ce mai haɗawa ya rasu. Ya yi min gaisuwa, ya tafi.

Da la'asar na bi ta Kwanar Dangora, na ba wani direban Kano saƙo ya taho min da cif biyu da ƙaramin moto. Don kawai su zauna a gida. Faranti kuma, in da za a yi wani injin, na ƙarfe ya kamata.